Zuwa ga Yaya Tanimu, Mai Sa Tsofaffi Dariya

Da sunan Allah. Daga ƙaninka Habu a Yekuwa, zuwa ga Yaya Tanimu, duk inda wannan takarda ta riske ka a hanyar Gabas. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, gida lafiya lau, gero ya yi kyau bana, Inna tana gaishe ka.

Maniyyata za su tashi daga Bande, shi ya sa na ce bari in ba su saƙo ko Allah zai haɗa ku.

Tun tafiyarka ba a sake samun mai tsara labari irinka ba. Ka tuna yadda kake rubuta labaranka da ajami, malaminmu yana faɗa, wai tawada ta Larabci ce, ba ta Hausa ba? Kai kuwa sai ka ce, "Da harshen da aka yi mini rarrashi zan ba da labari."

Amma abin da gari bai manta ba shi ne wasan gamba.

Shekaru Baba da ƙaninsa Baffa Sale ba sa ga maciji saboda layin gamba da ya raba gonakinsu. Har Baffa ya fara sayar da tumaki, zai kwashe iyalinsa zuwa Sassumbrum. Mu 'ya'ya muna gani, ba bakin magana.

Sai ka tsara wasa. Bayan girbi, da la'asar, ka tara jama'a a dandali. Kai ka zama tsoho mai tari, abokinka Ɗanliti ya zama tsoho mai ɗingishi, kuna ta rantse-rantse a kan ciyawa. Ni kuma, magidanci da gemuna, ka lulluɓa mini buzu na zama akuya, ina cinye waken kowa ba wanda ya waiwayo.

Mutane suka yi ta faɗuwa don dariya. Ta ƙarƙashin buzu nake leƙen Baba. Fuskarsa kamar hadari. Na ce shi ke nan, yau zai yi maka baki a bainar jama'a.

Aka gama wasan. Baba ya miƙe da sandarsa, ya nuna ka, ya ce, "Ɗan banza, ni ba haka nake tari ba!" Baffa daga can ya ce, "Wallahi haka kake yi, Yaya!" Dariya ta ƙwace wa Baba har rawaninsa ya warware. Ran nan a akushi ɗaya suka ci tuwo.

Ga albishir ɗinka: Baffa bai je ko'ina ba. Ɗansa Isa ya yi aure, an haifa masa namiji, Baba da kansa ya raɗa wa jaririn suna Tanimu. Yaron bai da aiki sai gwaliyo.

Yaya, muna kewarka. Inna takan ajiye maka fura har yau, sai ta tuna, ta miƙo mini.

Allah ya kai ka ɗakinsa lafiya, ya karɓi ibadarka, ya maido mana da kai Baba yana raye. Ka taho da labaran hanya, dandali yana jira.

Naka har kullum,
Habu, akuyarka.