Yistin da ya raba ni da kiran salla

Zuwa ga mai girma Manajan kamfanin sabon yisti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai gidan burodi ne a Ƙanƙara, kuma ladanin masallacin unguwarmu. Ko in ce ni ne a da.

Na farko. Tun da kuɗin fetur suka koya wa kowa shan shayi, ni ke ba masu teburin shayi burodi, daga Faskari har Sabuwa. Bayan Babbar Salla wakilinku ya kawo mini yistinku, ya ce masana sun gyara shi don ya riƙa cinye sukari da sauri. Bai yi ƙarya ba. Na saba in kwaɓa, in tafi kiran azahar, in dawo in iske ya tashi daidai. Ran nan na dawo na iske kwaɓin ya tumbatsa har ƙasa, gidan yana wani irin wari. Innalillahi! Warin gidan burkutu sak, har bakin titi.

Na biyu. Kafin la'asar magana ta gama gari, wai giya nake zubawa a burodi. Ni da ko sigari ban taɓa sa wa bakina ba! Liman ya kira ni gefe, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce in ɗan huta da kiran salla har a gane gaskiya.

Na uku, kuma shi ya fi girgiza ni. Da wakilinku ya dawo na tare shi, sai ya yi dariya, ya ce ai kowane yisti haka yake: ya ci sukari, ya fitar da iska da barasa, wuta ta kore ta. Naku dai ya fi sauri ne. To tsohon yistin da na yi shekaru ina ciyar da Musulmi da shi fa? Da burodin buɗa baki?

Ranka ya daɗe, ba diyya nake nema ba. Ka turo masaninku ranar Juma'a, ya zauna gaban Liman da dattawa, ya faɗi abin da ke saura a burodi bayan ya gasu. In halal ne, su ji daga bakinsa. In haram ne, ni da hannuna zan rushe tanderun.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare mutuncinka. Kullum da asuba nakan farka a kan lokaci, in zauna bakin gado in ji muryar wani.

Wassalam.

Malam Sule Mai Burodi,
Ƙanƙara.