Kwanon Awon Da Na Musanya

Gwagwalada, Abuja
Talata, 14 ga Mayu, 2013

Zuwa ga Abban Ameera, inuwar da nake fakewa, ruwan farkon daminata, katangar da na jingina da ita shekara goma sha uku ban taɓa dubawa ko za ta tsage ba, mijina, abin tinƙahona, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Ya kafaɗar? Kwana biyar ke nan kullum ina zaune a gefen gadonka a asibitin nan, ina gyara maka matashi, muna hirar makarantar Ameera da rashin wutar unguwarmu, alhali akwai maganar da nake ɓoye maka. In na buɗe baki sai ka dube ni da idanun nan naka masu yarda da mutum, sai in tambaye ka ko za ka sha ruwa. To, bari takarda ta faɗi abin da bakina ya kasa. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka tuna ranar Asabar ɗin da muka je kasuwar Zuba, wata biyu da aurenmu? Lokacin kana siriri kamar karan rake, iska na kaɗa rigarka sai ka ce ba kowa a ciki. Ka saɓa nonon ayaba guda a kafaɗa, abarba biyu a hammata, ga hadari ya haɗu ta bayan dutsen Zuma. Da ruwan ya tsinke ka kama hannuna muka sheƙa da gudu muna bin motar Gwagwalada, kana waiwayowa kana cewa ni ce mai nauyin jiki. Ni! Ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ina wannan gudun ya tafi, masoyina? Wa ya ɗauke maka shi?

A makon nan ne Goggona ta zo ganin ɗaki. Ta ƙare maka kallo daga sama har ƙasa, ta ja ni madafa ta ce, "Murja, in ya je gida da Sallah a haka, cewa za a yi ba ki iya hura wuta ba. Jikinsa mutane za su duba su san ko wace ce ke." Na riƙe maganar nan kamar karatu. Allah kuma Ya buɗa, ƙasa ta samu, ma'aikatarku ta samu. Aka yi ta ƙara maka girma, yau taro a otal ɗin Wuse, gobe bita a Maitama, teburin abinci daga bango zuwa bango. In ka dawo gida kuma ga ni da tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a kai, ga farfesun kayan ciki, ga funkaso ranar Juma'a. Duk sanda tela ya ce sai an ƙara yadi, daɗi nake ji. In mun je Zariya, Hajiya mahaifiyarka ta dube ka ta sa mini albarka, sai in ji kaina ya fi ɗankwalina girma. Ban san da ludayina nake haƙa maka rami ba.

Sai abubuwan suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Ciwon suga. Hawan jini. Gwiwoyin da suka mayar da kai sallah a kan kujera, kai da kake tsawaita sujada har in yi ta tsokanarka. Sai kuma barcin nan. In ka kishingiɗa a falo bayan azahar, minsharinka ya cika gida, can sai ya yanke ɗif. In ajiye wuƙa in tsaya ina ƙirge, goma, ashirin, wani lokaci har talatin, kafin ka ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Kai ba ka taɓa jin shirun nan ba. Ni kuwa shekara uku ina zaune da shi.

Shi ya sa da Dokta Zacharias ya kawo maganar tiyatar rage tumbi, fuskarka ta yi haske. An auna ka kilo ɗari da arba'in da takwas. An duba jini, an duba zuciya, an kwantar da kai an gwada barcin, duk suka nuna kana cikin waɗanda aikin ya kamata. Sharaɗi ɗaya ya rage. Wata shida kana cin abinci a kan awo, ka sauke kilo goma, don kitsen hanta ya ragu aikin ya zo da sauƙi, kuma su tabbata za ka iya riƙe doka bayan an yi. Likitan da ke yin aikin sau biyu yake zuwa a shekara. Sista Prudence, mai tsara abincin marasa lafiya, ta miƙo mini wani shuɗin kwanon roba, ta ce da Hausarta ta Abuja, "Madam, kai ne likita na gida. Wannan kwano ɗaya, ba ƙari, ko oga ya yi kuka." Muka yi dariya mu uku. Na karɓa da hannu biyu.

Akwai abin da ka sani rabi, yau zan cika maka. Ka san Ummata ta rasu a ɗakin tiyata ina da shekara goma sha bakwai. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, da ƙafarta ta shiga. An ce ƙaramin aiki ne, awa ɗaya. A bakin ƙofar ta cire 'yan kunnenta ta zuba mini a tafin hannu, ta ce in riƙe mata yanzu za ta fito. Na zauna a benci na damƙe su har suka huda mini fata. Suna nan a ƙasan akwatina, har yau riƙe mata nake yi. Tun ranar da likita ya ambaci wuƙa a kanka, ƙofar nan mai gilashi biyu ta dawo mini. Ina yanka albasa ina ganinta. Ina sallah ina ganinta. Kullum kai ne ake turawa ciki, ni kuma ina kan benci.

Don haka na yi abin da na yi. Ga shi nan ba rufa-rufa.

A sati na biyu na shiga kasuwar Gwagwalada, na zaga rumfunan 'yan roba har na samu kwano shuɗi irin wancan sak, sai dai ya fi shi zurfi da kamar yatsu biyu. Na ɓoye na asibiti a bayan buhun shinkafa. Miyar ganyen da aka ce a yi ta ba mai, na riƙa niƙa mata gyaɗa, in sa cokalin man shanu a ƙasan tuwo inda ido ba ya kaiwa. Kana ci kana yaba mini, wai ko abincin marasa lafiya a hannuna daɗi yake yi. Sikelin banɗaki kuma, akwai ɗan abin murzawa a ƙarƙashinsa. Duk bayan mako biyu sai in murza shi baya kaɗan. Ka hau ka ƙwala mini kira in zo in ga allura ta sauka, kana murna kamar an ba ka kujerar Makka. In tafa maka. Bayan la'asar ka ɗaura takalmi ka zaga unguwa kana haki, gumi har ƙafa, ni ina leƙenka ta taga, ina ce wa kaina ceton ranka nake yi. Tunanina shi ne, in ba ka cika sharaɗin ba, ba za su taɓa ka ba.

Ka tuna ranar awo a watan Afrilu. Ka sa farar shaddarka, kana yi wa ma'aikatan jinya barkwanci. Ka hau sikelin asibiti ya nuna ɗari da hamsin da ɗaya. Sista Prudence ta ce ka sauka ka sake hawa. Bai canza ba. Aka cire sunanka daga jerin, aka ce sai Nuwamba, in ka gyara. Da muka iso gida ka zauna a bakin gado, ka kama hannuna ka ce in yafe maka, wai na sha wahalar girki biyu wata shida kai kuma ka ba ni kunya, wataƙila 'yar gyaɗar da kake taunawa a ofis ce. Kai ne ka nemi gafarata, Abban Ameera! Ni kuma na shafa bayanka na ce Allah bai yi ba tukuna. Sannan na shige ɗaki na yi raka'a biyu ta godiya. Wannan ce ta fi ci mini rai a cikin duka, kuma ban san yadda zan tsaya da ita gaban Ubangijina ba.

Mako uku bayan nan, ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma, ido na ganin ido, barci ya sace ka a kan sitiyari. Philip, abokin aikinka da ke biye da kai a mota, shi ya kira ni, yana cewa in taho amma kar in tsorata. Na ga motar a cikin kwalbati kusa da mahaɗar Giri, gabanta ya lotse kamar gwangwanin madara. Tirela ta wuce ka da taku kaɗan. Likita ya ce barcin nan da ke yanke maka numfashi shi ke hana jikinka hutawa, shi ya biyo ka har kan titi, kuma aikin da aka ɗage yana cikin abin da zai magance shi. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki.

Tun daga ranar ban ƙara zama ni kaɗai a gidan nan ba. Takalminka na bakin ƙofa, in na gifta sai in ga kamar na mamaci ne da ba a kai ga kyautarwa ba. Kujerar sallarka tana kallona. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Shekaranjiya na ɗauko farin mayafi zan yafa, sai na hango kaina a madubi cikin takaba, mata sun cika falo suna ce mini sai haƙuri, suna yabon yadda na kula da kai. Da ka tafi ranar Alhamis, haka za su ce, ba wanda zai taɓa sani. Wane irin so ne wannan, da ya tsaya gadin ƙofa ɗaya da dukan ƙarfinsa, ya bar ɗaya a wangale? Na tsare ka daga wuƙar likita, na miƙa ka ga kwalta.

Kar ka ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan daram. Amma yanzu na gane tsorona ne, nawa ni kaɗai, ba ni da ikon zuba maka shi a kwano ka ci. Ina sonka, hasken gidana. Ina sonka da ƙibarka, na so ka da ramarka, zan so ka da duk jikin da Allah Ya bar maka, in dai da numfashi a ciki. Ina so in ga ka sa goshinka a ƙasa ka tashi da kanka. Ina so ka kai Ameera ɗakin mijinta da ƙafarka. Ina so ka tsufa ka dame ni da mita.

Ga abin da na yanke. Gobe da safe zan je wurin Dokta Zacharias da Sista Prudence da kwanonin nan biyu, in ajiye su a kan tebur gefe da gefe, in faɗa musu da bakina. Ba zan yarda takardarka ta ci gaba da nuna kai mutum ne da ya kasa riƙe kansa ba, alhali wata shida ka yi kana yaƙi tsakaninka da Allah. Zan roƙe su su fara maka sabon lissafi daga wannan makon don ka riski Nuwamba. In Hajiya ta ga ka zube ta tambayi abin da ya same ka, kar ka rufa mini asiri, ni zan amsa mata.

Abin da ka ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan makullin madafa ne da na sito. Na kira ƙanwarka Sumayyah a Kubwa, na faɗa mata komai. Ta ce za ta zo ta zauna har a yi aikin. Ita za ta auna, ita za ta dafa, ita za ta zuba maka. Na san abin da unguwa za ta ce, matar gida na zaune da ƙafafunta wata na yi wa mijinta girki. Su faɗa. Shekara goma sha uku madafar nan ce bakin da nake gaya maka ina sonka da shi, ban iya wani yare ba. Yau na rufe shi da hannuna, domin ni kaina ban yarda da hannun ba.

Makullin naka ne. In wata rana ka ga dama ka mayar mini, zan durƙusa in karɓa. In ba ka mayar ba, ba zan tambaya ba. Ban ce ka yafe mini yau ba, ban ma ce ka dube ni ba in na shigo da yamma. Ka ci abin da aka auna maka, ko daga hannun wa ya fito. Ka rayu, Abban Ameera, ko da fushi kake yi da ni.

Taka mai laifi, wadda ba ta da wani gida sai kai, a yau da gobe da ranar da za a tura ka ta ƙofar nan,

Murjanatu