Man Gwiwar Inna

Mujtaba,

Na bi motar farko zuwa Hasahisa. Ban tashe ka ba, don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Man riɗin da ke bayan randa, wanda ka juye wa abokanka a kan dafaffen waken ful jiya, ba na ci ba ne. Maganin gwiwar Inna ne. Kwana bakwai ina shanya shi a rana da hulba da citta. Ina ji abokinka Alamin yana cewa bai taɓa cin ful mai daɗinsa ba. In ka gan shi, ka gaya masa gwiwar tsohuwa ya cinye.

Yau da asuba ta kasa sauka daga gado. A zaune ta yi salla, kuma ta ce kada in yi maka faɗa.

Zan sayo wani man. Kafin in dawo, ka ɗuma yashi a kasko, ka ƙulle a tsumma, ka gasa mata. Kada ka bar wa matarka, da hannunka za ka yi. Ina so ka ga yadda gwiwoyin suka kumbura.

Yayarka,
Huda