Ribas a Kan Gadar Iyaka

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar taki, ya yara, ya kajin nan da kika fi so a kaina? Ni garau nake kamar sabon inji. Ki yi haƙuri da rubutun, kinsan ni da biro gaisuwar nesa muke. Mai tankar mai zai kawo miki, waya ba ta shiga nan tunda ruwa ya kwashe turakun.

Jiya muka iso bakin gadar iyaka, mota tara, tawa ce a gaba mana, wa za a sa? Sauran abinci suka ɗauko, ni kuwa ledojin ƙarin ruwa da maganin amai da gudawa, kwali ɗari huɗu. Tsallaken kogi abin ba kyau, ambaliya ta shanye garin su 'Yar Baba, rufin makaranta kawai nake hangowa. Amma kar ki tada hankali. Wani mai kwalekwale yace ya ga 'yarmu da mijinta a sansanin kan tudu, da angonki a goye, ɗan banzan jikan nan da ya ƙwace min ke tun yana kwana bakwai.

Kinsan manyanmu da na ƙasar tsallake wata takwas ba sa ga maciji. To jakadu sun zauna, ance gobe za a buɗe mana. Har ɗan rediyo ya zo ya kafa min abin magana a baki, na zuba masa zance sai da batirinsa ya mutu. Ki kunna da yamma, ki kira maƙwabta.

Naki har kullum,
Sarkin Ribas

Uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki gaida yara.

Nasan kin ji. Da ma ba ki kira maƙwabtan ba. Wallahi wasa nake da nace ai ƙannenmu ne, duk girman kansu in ruwa ya ci su wurin yayansu suke miƙo kwano. Direbobi ma har da tafi a lokacin. Ashe gidan rediyonsu ya ɗauka yana ta maimaitawa safe da yamma. Manyansu suka rantse tayar motarmu ko ɗaya ba za ta taɓa ƙasarsu ba. Namu kuma suka ce ba mai sauke kaya a ƙasa kamar an zo jibge shara, sai dai a ɗauka daga cikin motarmu. Yau kwana huɗu. Waɗanda suka tafa min yanzu ko shayi ba sa sha da ni.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Mai kwalekwale ya dawo yace amai da gudawa ya kama angonki tun shekaranjiya, idonsa ya faɗa, ko kuka ba ya iyawa. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare a sansanin, gishiri da suga kawai suke ɗura wa yara. Maganinsa yana bayan kujerata, taku goma. Na ciro kwali ɗaya zan ba mai kwalekwale, sojanmu ya gyara bindiga yace in mayar. Na mayar.

Na je wurin babban jami'in nace a kai ni rediyo in ba da haƙuri, ko a miƙa musu ni su zane ni. Ko kallona bai yi ba. Kullum kina cewa bakin nan zai ja min, ban taɓa zaton yaron zai ja wa ba. Ki yi addu'a, taki ta fi tawa shiga.

Mijinki,
Ribas

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki sha ruwa tukuna, labari ne.

Jiya da safe ina zaune ina kallon farin layin da ke tsakiyar gada sai abin ya faɗo min. Taya suka ce. Daga tayar baya zuwa ƙarshen bodina kuwa akwai taku huɗu cur. Na tare jami'in a bakin ƙofa nace in na shiga da baya, taya ta tsaya a namu, gindin mota na nasu, kowa bai karya rantsuwa ba. Ya daɗe yana kallona. Aka yi ta oba-oba tsakanin manya har azahar, sannan aka ce a gwada, amma in taya ta hau layin nan za su riƙe ni da motar.

Gadar fa ruwa ya tafi da ƙarfen gefe ɗaya, faɗinta da ƙyar ya fi tirelar. Shekara ashirin da bakwai ina cika baki ba wanda ya taɓa ce min zo-zo in ina ribas. Gaskiya tsakanina da ke, da na kalli madubin dama na ga ruwa kawai yana juyawa, na saki kuloci ba shiri, mota ta mutu sau biyu. Sai na hango wani tsohon direbansu, mai farin gemu, ya fito bakin layi ya ɗaga hannu. Mutumin da na kira mai miƙo kwano. Na manta da madubin dama, hannunsa kawai na bi. Da ya dunƙule shi na taka birki. Sojansu ya durƙusa ya auna, yatsa biyu ya rage.

Ban sauka ba. Na bi ta cikin bodi ina tsallake kwalaye har ƙarshe na buɗe ƙofa. Ga 'Yar Baba a ƙasa, ta rame, da yaron a hannu kamar tsumma. Ashe tun safe ta ji labari ta taho da shi a ƙafa. Sojansu yace in koma, na nuna masa ƙafata nace duba da kyau, ba ta taɓa ƙasarku ba. Ya juya kai kamar bai gani ba. Nas ɗinsu ta hau, ta rataye leda ta farko a ƙugiyar ƙofata, aka ɗora min shi a cinya. Sau uku tana neman jijiya. Ana wucewa da kaya ta kusa da mu, ni digon ruwan kawai nake kallo.

Leda ta biyu ta kusa ƙarewa sai naji ɗumi a cinyata. Angonki ya tsula min fitsari, daga gwiwa har takalmi! Nas tace abin da take jira kenan, ya tsallake in sha Allahu. 'Yar Baba tana kuka tana dariya, ni kuwa ƙura ce ta shiga min ido.

Sauran motoci takwas ma ni na shigar da su, ni da mai gemu. Ɗan rediyo ya sake zuwa da abin maganarsa, na nuna masa tsohon na wuce.

Jibi zan dawo. Wandon kar ki ce zaki wanke, sai na nuna wa maƙwabta.

Naki,
Ribas, sarautar na bar wa mai gemu