Shirun da Na Yi a Zaman Sulhu Ya Raba Ni da 'Yata

Anti Hindatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, raina ya gama ɓaci.

Ina aiki a wani ofis a Garki, ina zaune a Bwari. Aurena da Dallatu ya mutu bayan babbar sallah, kuma wallahi ban yi kukansa ba, dama ya daɗe da ruɓewa. 'Ya ɗaya muka haifa, Mufida, shekararta biyar. Da maganar riƙonta ta taso, abokiyar aikina Magdalena ta ce in ɗauki lauya. Kawuna ya ji ya hau faɗa, wai mu ba 'yan tasha ba ne da za mu kai sirrin gida kotu, sulhu za a yi. Na bi.

Sulhun me! An zauna a falon wani dattijo da ake ta yabon adalcinsa. Ashe layinsu ɗaya da Dallatu, masallaci ɗaya. Ga baban Dallatu, ga yayyensa, har da ogansa na wurin aiki, ban san me ya kawo shi ba. Ni aka nuna mini bakin ƙofa, kusa da takalma. Kawun da ya zo tsaya mini kuwa lemo ya sha, ya yi ta godiya.

Can sai dattijon ya tambaye ni a gaban kowa ko ina son yarinyar ta zauna a hannuna. Anti, 'yar fari ce fa. A gidanmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa. Na sunkuyar da kai, ina jiran Kawu ya amsa mini. Dattijon nan Bahaushe ne, ya san ma'anar wannan shirun sarai. Amma ya yi hamdala, wai uwa ta haƙura. Aka shafa fatiha, aka yi ta sa mini albarka. Tir!

Yanzu Mufida tana garin Uke wurin kakarta ta wajen uba, don uban ma bai riƙe ta ba. Ba ta zuwa makaranta. Da na je, na tarar da kitson da na yi mata tun kafin a tafi da ita, ya cukurkuɗe, ba wanda ya tsefe. Na koma wurin dattijon, ya ce magana ta ƙare, kar in tayar da fitina. Ƙyamarsu nake ji, ina jin haushin kaina. In na je kotu yanzu, na watsa wa manya ƙasa a ido ke nan?

Uwar da aka yi wa wayo, Bwari

Amsa:

'Yar'uwa, ni ma na ji takaici. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya mai da ita amincewa bai kyauta ba.

Ba na kushe sulhu. Yana da sauri, yana rufa asiri, kuma uban 'yarki ba zai daina zama ubanta ba. Sai dai mai sulhu ba wakilinki ba ne. Burinsa a tashi lafiya, shi ya sa wanda ya fi kawaici yakan kwana a ciki. Lauya kuwa naki ne, ba ya jin nauyin surukanki, zai faɗi abin da bakinki ya kasa.

Ki nemi lauyan da ya san shari'ar iyali ta Musulunci cikin makon nan. Riƙon ƙaramar yarinya a asali na uwa ne, kuma shafa fatiha a falo ba hukuncin alƙali ba ne. Amma in kika daɗe ba ki motsa ba, za a ce da gaske kin bar musu. Ki sani kotu akwai jeka-ka-dawo, akwai kashe kuɗi, kuma wasu dangi za su daina gaishe ki na wani lokaci.

Ki sanar da Kawu cikin ladabi, sanarwa ba neman izini ba. Kar ki ɗauko yarinyar da ƙarfi, kar ki zagi kakarta. Ki riƙa zuwa Uke a kai a kai, ko da za a haɗe miki rai. Mufida ba ta san wata al'ada ba, abin da ta sani kawai shi ne an tafi da ita, mamanta tana kallo. Ki je ranar Asabar ki gaya mata da bakinki cewa kina son ta dawo.

Allah ya dawo miki da ita lafiya.

Anti Hindatu