Zarra a Kan Faifai

Gadarif, Oktoba 1985

Zuwa ga maigidana Abu Hawwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Jidda? Mu nan alhamdu lillahi. Hawwa ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Maza sun tafi gonakin Simsim yankan riɗi, unguwa shiru.

Ka ce in ba ka labari mai daɗi. Ba ni da shi. Shugabar makarantarmu, mudira Sitt Ummuhani, ta kira ni ofis ta ce muwajjih, sufeton makarantu, zai zo duba mu kafin jarrabawar shahada ta gama sakandare. In ya tarar ba a gwada wa 'yan mata kimiya da hannu, za a rufe ajin ilmi, wato na kimiyya, a mayar da su adabi. Ka san ba uban da zai bar 'yarsa ta tafi karatu har birnin Madani inda ake da wani ajin ilmin, ke nan maganar likita daga unguwarmu ta mutu. To da me zan gwada? Ɗakin gwajin da ake kira ma'amal ba komai a ciki sai kabad marar ƙofa, shi ma kazar Hajiya Kande farrasha, mai shara da shayin makaranta, ke ƙwai a ciki.

Sai na yi dabara. Faifai da ma zobe-zobe ake ɗinka shi, na mayar da shi ƙwayar zarra. Na tara gyaɗa a tsakiya a matsayin broton, aduwa niyutron, na jera kurna a kan zobban a matsayin elektron. Wallahi sun gane a zama ɗaya abin da na yi wata ina zanawa a allo.

Amma juyawar da zan yi in ɗauki alli, sodiyam ya rasa elektron ɗinsa na waje. Na tambayi wace ce. Jummare, jikar Sharu Tsoho, baki cike, wai ita ba sata ta yi ba, ayon ta mayar da shi, tunda ni na ce zarrar da ta rasa elektron ta zama ayon mai caji. Na rasa in zane ta ko in ba ta maki. Kafin mako ya fita karbon ba shi da cibiya. Waɗannan yara za su sa mini hawan jini.

Ka gai da Jibrin da sauran 'yan ɗakinku.

Taka,
Atika

Gadarif, Disamba 1985

Abu Hawwa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar da ka ambata ta sake ka. Mu lafiya lau, in ban da ɓacin rai.

Mun shiga babin hamid da ƙalawi, wato abu mai tsami da abin da ke kashe tsami. Na jiƙa karkade, zoɓo ke nan, ba sukari, na matsa lemun tsami a kofi ɗaya ya ƙara ja, na ɗiga ruwan kanwa a ɗayan ya koma kore. Na haɗa kanwar da lemun, suka ga kumfa na tashi, na ce musu wannan shi ne tafa'ul: abu biyu sun haɗu sun haifi sabon abu.

Ita kuwa Jummare ba ta iya ganin abu ta bar shi. Ta je gida ta yi wa baƙin kakanta a tsakar gida, har da juya hannu a kan kofin kamar mai bori. Wani tsoho ya zubar da shayinsa ya fita ba takalmi. Washegari gari ya ɗauka wai Ustaza Atika na koya wa 'ya'yan mutane sihiri, Sharu ya hana ta zuwa makaranta. Ni da ko layar wuya ban taɓa ɗaurawa ba.

Na yafa tobina na tafi gidan. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙa a kira matarsa ta kawo tukunyar yakuwa ta jefa kanwa a gabansa. Ya ga kumfa, ya ga launi ya juya. Na ce masa in wannan sihiri ne, to shi yake ci da tuwo tun yana saurayi. Bai yi dariya ba, amma da safe na ga Jummare a layin gaba tana mini murmushi kamar ba ita ta jawo ba.

Muwajjih sai bayan hutu. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Atika

Gadarif, Fabrairu 1986

Maigidana Abu Hawwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Hawwa ma na gaishe ka da irin nata yaren. Lafiyarmu ƙalau, ina fata kai ma haka. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar zuwan muwajjih na yi sammako na shirya komai a ma'amal: faya-fayai a jere, kowace zarra da elektron ɗinta cif, jug ɗin karkade, lemun tsami a yanke, kanwa a gwangwani. Na gargaɗi 'yan matan cewa duk wadda ta taɓa kurna ɗaya ta kuka da kanta. Na shiga aji ina yi musu bita.

Ashe bawan Allah ya iso da wuri, Hajiya Kande ko gawayin shayi ba ta hura ba. Mudira ta ga baƙo zaune a ofis ba ko ruwa a gabansa, kunya ta kama ta, ta ce wa Hajiya ta nemo ko mene ne. Hajiya ta leƙa ma'amal, ta ga abin da ta ɗauka liyafa ce na haɗa, har tana sa mini albarka. Ta juye zarra duka a faranti ɗaya, ta matse lemun kakaf a cikin karkaden, ta kai. Ba sukari fa. Shi kuma mutumin kirki, baƙo ba ya mayar da abin da aka ba shi, ya cinye na farantin, ya runtse ido ya shanye na kofin. Tana ganin kofi ya sauka sai ta ƙara, tana haɗa shi da Allah.

Da muka ɗunguma ma'amal da shi da 'yan mata, faya-fayai wayam. Ya tambayi ina kayan gwajin. Abu Hawwa, raina ya gama ɓaci, na manta da wa nake magana. Na ce masa suna cikinsa. Mudira ta dafa bango. Ni kuwa na riga na ga ajin a rufe, na ga yaran nan an raba musu littattafan adabi.

Yana tsaye yana murza ƙirji, fuska a yamutse. Sai Jummare ta ɗaga hannu, na ce a raina yau ta ƙarasa ni. Ta ce abin da ke damun Ustaz hamid ne ya yi yawa, maganinsa ƙalawi, kuma kanwa ce kaɗai Hajiya ta bari don ba ta ciyuwa. Ta ruga ofis ta ɗauko kofinsa, ta ɗiga ruwan kanwa a ragowar, ya koma kore a gabansa, ta bayyana dalili ba gargada. Sannan ta sirka kaɗan da ruwa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sha. Can sai gyatsa ta ƙwace masa, ajin gaba ɗaya suka faɗi sunan iskar da ta fito, kamar masu amsa amin.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna ya yi ta jefa musu tambaya, daga cibiyar zarra har daidaita tafa'ul a allo, har aka kaɗa ƙararrawa bai tashi ba. Wasu sun yi kuskure, ba zan ɓoye maka ba, amma ba wadda ta sunkuyar da kai.

Jiya mudira ta sanar da ni ba za a rufe ajin ba, 'yan matana za su zauna shahada a ilmi. Kayan ma'amal kuwa wai babu, in ci gaba da dabarata. Na shiga ɗakin na zauna kusa da kazar Hajiya na yi kuka, rabi daɗi rabi haushi.

Saboda haka in za ka yi mini aike bana, ka bar zancen tobi da turare. Ka nemo mini kwalaben gwaji da ma'auni, ka naɗe su da kyau. Don Allah kada ka sa komai a ciki da ɗan Adam zai iya ci.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Atika