Ni na sa Saliha ta yarda da gashi

Hajiya, ki taimake ni don Allah. Ban iya rubutu ba, matar ɗana Amatullahi ce ke rubuta abin da nike faɗi, kuma na ce kar ta gyara mini magana.

Shekara goma sha uku ke nan anka ce ina da ciwon daji ga bakin mahaifa. Ɗana ya kai ni babban asibiti can birni, anka yi mini gashi da na'ura sati shida. Takarda sunka miƙo, na dangwala yatsa, ba wanda ya karanta mini abin da ke ciki. Na warke, na dawo Sakajiki da ƙafata. Tun sannan duk macen da jini ya ƙi tsaya mata, ni ake kira. In zauna bakin gadonta in ce ki dube ni, ki tahi.

Bara waccan na fara ganin jini in na zaga bayan gida. Na ce basir ne, wa ba ya da basir? Na yi ta shan jiƙon mai magani na Kasuwar Daji, sai rama nike. Watan jiya anka duba ni, sai ga wani dajin ga hanji, daidai inda anka gasa. Likita ya ce mai yiwuwa gashin ne sanadi, wai yakan faru amma ba kasafai ba. Duk matan duniya sai ni. Yana faɗi yana duban takarda, ko kallona bai yi ba. Me ya hana su gaya mini tun can?

Ga abin da ke cina. Saliha, ɗiyar ƙanwata, ciwona na fari gare ta, ɗiyanta huɗu ƙanana. Anka ce a yi mata gashi, mijinta ya ƙi, ni na zauna ƙofar gidansa har ya yarda. Ran Litinin za a fara mata. Ba ta san halin da nike ciki ba. In na yi shiru na cuce ta, in na faɗa ba ta zuwa. Ni dai raina ya fi son in hana ta.

Tsohuwa daga Sakajiki

Inna, sannu. Allah ya ba ki lafiya. Haushinki yana kan hanya: haƙƙinki ne a karanta miki takardar nan, a kuma gaya miki duk jinin da kika gani daga baya ki koma asibiti. Ba a yi ba, kin sha jiƙo shekara biyu.

Amma kada ki hana Saliha. Abin da ya same ki mutane kaɗan ne ƙwarai yake samu, kuma sai bayan shekaru. Ciwon da ke jikinta kuwa yanzu yake ci, ba zai jira ba. Ke ma gashin nan ne Allah ya sa ya zama sanadin shekara goma sha ukun da kika ƙara.

Shiru ma ba naki ba ne. Ki gaya mata, amma ba a tsakar gida ba, inda tsoro zai riga bayani. Ki raka ta ran Litinin, ki faɗa a gaban likita, ku tambaya da Hausa har sai kun gane, a karanta mata takarda kafin ta dangwala. Daga nan ki wuce wurin naki likitan, ki ajiye jiƙo, a fara miki magani.

Ba ki yaudari matan Sakajiki ba, abin da kika sani kika gaya musu. Yanzu kin san ƙari, sai ki koma ki sanar da su cewa ba kowane jini ne basir ba. Allah ya tashi kafaɗunku, ke da Saliha.